Tambayoyinku kan so, ƙauna da bege

Wata ɗiyata daga Madawa ta tambaya: Malam, so da ƙauna ba abu guda ba ne?

A'a ɗiyata. So yana da faɗi, kina son fura, kina son kuɗi, kina son saurayi, duk so ne, shi ya sa anka ce so duka so ne amma son kai ya fi. Ƙauna kuwa sai mai rai, kuma da tausayi cikinta. Uwa tana ƙaunar ɗanta ko ya ɓata mata rai.

Wani ɗalibi daga Yamai ya ce yana jin bege cikin waƙoƙin yabon Annabi, ko ya halatta ya ce ma budurwatai yana begenta?

To ɗana ka taɓo inda ke man ƙaiƙayi. Ya halatta, amma da sharaɗi: bege ba ya zama sai da rashi. Wanda ke gabanka ba ka begenai, sonai kake. Bege shi ne ciwon da ke cin mutum in abin sonai ya yi nisa, kamar matan Adar da mazansu sunka tahi Abijan ko Libiya neman kuɗi, shekara biyu shekara ukku sai dai murya ta salula, wannan zaman da suke da dare bayan yara sun yi kwana shi ne bege. Shi ya sa malamai sunka riƙe kalmar ma Manzo (SAW), don ba mu gane shi da ido ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da anka haifa Maratta nan kusa da Galmi a 1754, tun yana saurayi ya yi ƙasida da Larabci yana tambaya ko akwai hanyar da za ta kai shi Ɗaiba, wato Madina, da sauri ya ziyarci kabarin Annabi, kuma har ya rasu a 1817 bai samu zuwa ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi wallahi. Larabawa ma mawaƙinsu Ƙaisu bai zama Majnunu, wato mahaukaci, ba sai da anka hana mai Laila anka aurar da ita ga wani. Abin da ke ɓata man rai yanzu shi ne yaro yana zamne da yarinya kan tabarma guda yana ce mata sheri ina begenki, haba, begen mi, ga ta nan gabanka? Ka ce shauƙi ya kama ka in kana so, ita wannan daga Larabci munka aro ta, kamar sha'awa.

Wani daga Konni: mi ake nuhi da son maso wani ƙoshin wahala?

Kana son ta, ita tana son wani. Kai za ka ƙoshi, amma da wahala.

Wata baiwar Allah daga nan Tawa ta ce ko kishiya daga kishi ta hito?

Daga nan ne. Kuma masu cewa kishi kumallon mata su daina yi kamar maza ba su da nasu.

Mai tambayar toshi, kyautar da saurayi ke kai ma budurwa wurin zance ce, kada ka haɗa ta da toshiyar baki.