Ina gishirin ruwan Jidda yake tafiya?

Tambaya: Malam, shekarata 12 ina zaune a Jidda. Ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa ruwan famfonmu daga teku ake ɗebo shi. To ina gishirin ya shiga? Daga wata uwa, unguwar Karantina.

Amsa: Hajiya, yaron ya yi gaskiya. Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara, shi ya sa ake tace ruwan Bahar Maliya. Tashar Shu'aiba da ke kudu da ku tana cikin masu shayar da Jidda da Makka da Ɗa'ifa.

Hanya biyu ce. Ta dā, a ƙona man fetur ko iskar gas a tafasa ruwan, tururi ya tashi ya bar gishiri, a sanyaya tururin ya koma ruwa. Ta yanzu, a tura ruwan da ƙarfin lantarki ta wani rariya mai ƙananan huji da gishiri ba ya iya ratsawa. Wannan ta fi sauƙin cin makamashi.

Gishirin kuwa, nan gizo ke saƙar. Kowace lita ta Bahar Maliya tana ɗauke da kusan giram 40, ta ɗara sauran tekuna masu kusan 35. Ragowar ruwan mai ɗan karen gishiri teku ake mayar da shi, ya kwanta ƙasa saboda nauyi, ya takura wa murjani da ƙananan kifaye.

Ni dai raina na ɓaci in na ga ana wanke mota da tiyo, ruwa na malala a titi. Ki gaida min ɗalibin.