Auta, ruwan toka ko ruwan madara

Salamu alaikum 'yan gida. Auta, na ga hotuna biyun da kika turo, wai fenti ruwan toka ko ruwan madara za a shafa a ɗakin naki. To ni dai ruwan madara na ce, ban ma tsaya dogon tunani ba. Ai na san tokar ce a ranki tunda ita ake yayi, mai ɗaure miki gindi kawai kike nema.

Ki duba ɗakin nan fa, taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta ta tare ta. Kika sa toka a wurin, kafin la'asar sai kin kunna fitila, in aka ɗauke wuta kuwa shi ke nan. Waɗanda kike gani a Instagram manyan tagogi gare su, ga fitilu birjik a silin.

Ni na yi, shi ya sa nake faɗa miki. Shekarar da muka tare... a'a, bayan na yi haihuwa ta biyu ne. Na zaɓi toka mai haske a jikin katin masu fenti, da ya bushe a bango sai ya koma kamar filastar siminti. Wallahi abin ya yi min ciwo. Kuma mai fentin nan, bokiti biyu na saya masu lita 20, ya tsuga wa ɗaya ruwa ya zama tsararo kamar koko, ya yi shafa ɗaya ya ce ya gama. Ɗayan bokitin har yau ban san inda ya shiga ba. Da damina ta sauka bangon ya dinga ɓarewa daga ƙasa, na kira shi ya fi sau biyar, wai yana wani aiki a Zariya. Kai, bar maganar.

Me nake cewa ma? Yauwa, ƙurar hunturu. Ruwan madara yana ɓoye ta, launinsu ya yi kusa. Dattin hannun yara kam zai nuna, don haka ki sayi mai santsin nan da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, kar ki yarda da mai tashi kamar alli.

In kin nace sai tokar, sayi ƙaramin galan mai lita 4, a shafa gefe ɗaya ya bushe, ki kalla da safe, ki kalla da dare. Kuma ki tsaya a kan mai fentin ya yi shafa biyu. Tsaya ma, kujerun naki wane launi ne? Turo min hotonsu tukuna.