Gasa kifin salmon da lemu don baƙin ƙarshen shekara

Hajiya, kin ce baƙi takwas za ki tara a hutun ƙarshen shekara, kina son gasa salmon da 'ya'yan itace amma kina tsoron ya bushe.

Sayi ɓari guda mai fata, kamar kilo ɗaya da rabi. Ki bi tsakiyar tsokar da yatsa, za ki ji ƙananan ƙayoyi a jere, ki zare su da hantsaki. Yanka lemun zaƙi da lemun tsami sirara ki shimfiɗa a tire, ki kwantar da kifin a kai, fata a ƙasa. Shafa man zaitun, gishiri, masoro da tafarnuwa kaɗan, sai dil, wani ganye mai ƙamshi wanda mutanen Norway da Sweden ba sa raba shi da wannan kifi. In bai samu ba, ganyen fasili (parsley) ya wadatar.

Zafin murhun gashi (oven) digiri 200 a ma'aunin Celsius, minti 18 zuwa 22, kuma a nan ake ɓarna. Mu da muka saba gasa tarwaɗa sai ta yi ƙayau, hannunmu nauyi gare shi. Da kin ga wani farin ruwa mai kauri yana tsattsafowa daga tsokar, wuta ta fara yawa. Soka cokali mai yatsu a wuri mafi kauri. In tsokar ta rabu sala-sala, sauke, ki bar shi minti biyar.

Kada ki jiƙa shi da ɗanyar abarba, tana narkar da tsoka ta yi laɓo-laɓo. 'Ya'yan rumman kuwa sai an zo kai wa baƙi za ki watsa a kai, da sabon ganye.