Amsa ga Mama da ta tambaya kan tafiyar 'yan rawa zuwa Tamale

Salama Mama, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun jiya da dare, cewa 'yarki tana cikin ƙungiyar rawa ta zumuntar ɗalibai a kwalejinsu, an ce za su Tamale a arewacin Gana aikin bishara na sati biyu, ke kuma hankalinki bai kwanta ba, wai rawa ma bishara ce ko yawon buɗe ido ne kawai da kuɗin iyaye. Ban amsa nan take ba don maganar da tsawo, kuma ni abin ya same ni ta gefe biyu, na taɓa karɓar irin waɗannan baƙi a nan Jos, daga baya ni ma na zama baƙuwar a Tamale ɗin.

Lokacin ina makaranta wasu ɗalibai suka zo daga wata kwalejin Kirista a Amurka, yawancinsu mata, maza biyu. Su rawar ce karatunsu, digiri suke yi a kai, irin bale ɗin nan da ake tsayawa kan yatsun ƙafa. Aka haɗa ni da su don in riƙa fassara. Yara ne masu tsoron Allah, ba wanda zai ce ba haka ba, da asuba kafin mu tashi sun riga sun yi addu'a. A cikin gari komai ya tafi lafiya, an tafa musu. Ranar Lahadi muka kai su wata majami'a a ƙauye bayan Bukuru, suka fito da kayan rawarsu masu kama jiki, can tsakiyar rawa sai namijin ya kama ƙugun yarinyar ya ɗaga ta sama. Mama, ina gefen bagadi ina kallon layin dattawa, kowa ya sunkuyar da kai kamar ana addu'ar rufewa. Matan zumunta wasu suka ja ɗankwali suka rufe baki. Su kuwa baƙin sun ɗauka Ruhu ne ya taɓa mutane, har wata tana share hawaye. Ni aka bari da jin kunya, don ni ce na san abin da shirun nan yake nufi. Sun koma ƙasarsu, faston wurin kuma ya yi makonni yana bayani a taron dattawa kan wa ya ba da izini.

Abin da ya gyara tafiyar ba wani wa'azi ba ne. Shugabar zumuntar mata ce ta kira 'yan matan bayan sujada, ba faɗa ba tsawa, ta ɗaura wa kowacce zani, aka fito da tulu da kacau-kacau, aka ce to ku biyo mu. Suna kuskuren taku ana dariya, su ma suna dariya. Washegari da suka yi labarin ɓataccen ɗa na Luka 15 da jiki kawai, ba magana, cikin zannuwan nan, wani tsoho da ɗansa ya daɗe da barin gida ya kasa zama. Wannan kam ba wanda ya nemi fassarata.

To mu fa mun yi ta ba da labarin Turawan nan muna dariya, ashe namu na tafe. Laifi tudu ne.

Da muka je Tamale bayan wasu shekaru, kafin korona, mun tafi da girman kai cewa ai mu 'yan Afirka ne, baƙin fata, muna jin Hausa, me zai ba mu mamaki. Tamale garin Dagomba ne, yawancin mutane Musulmi, harshen gari Dagbani. Hausa tana aiki a zango da kasuwa, amma ki shiga ƙauye sai ki ga tsofaffi suna kallon bakinki kawai. Kuma mutanen nan ba su jira mu kawo musu rawa ba. Suna da Takai, wadda maza suke yi da manyan rigunan saƙi suna juyawa rigar tana buɗewa, suna da Bamaya, suna da makaɗansu lunsi masu ganga kamar kalangunmu, kuma kiɗan nasu magana ce, tarihin sarakuna da kirarin gidaje suke bugawa. Mu kuma mun iso da sifika biyu da waƙoƙi a fulash, 'yan matanmu da wando da riga mai rubutu, muna so a kai mu fili a tsakiyar kasuwa mu tara jama'a.

Faston da ya karɓe mu ya ce a'a. Muka ji haushi, har wasu cikin samarinmu suna gunaguni a ɗaki wai tsoro ne da rashin bangaskiya. Da dare ya zaunar da mu ya gaya mana cewa mu kwana goma za mu yi mu hau mota, shi kuwa a nan zai ci gaba da zama, matarsa a kasuwar nan take sayayya, 'ya'yansa da 'ya'yan limamin unguwa makaranta ɗaya suke zuwa, zaman lafiyar da muke gani shekaru ya yi yana gina ta. Mu 'yan Jos da muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba, amma sai da aka koya mana. Ya kai mu gaida sarkin ƙauyen tukuna, muka cire takalmi muka durƙusa, aka ja mana kunne kan miƙa abu da hagu, aka tsara lokacinmu yadda ba zai ci karo da kiran salla ba. A harabar majami'a da wata firamare muka yi yawancin abin da muka yi. Kuma rawar da ta fi jan mutane ba wadda muka yi wata uku muna gwaji ba ce, takun Asharuwa ne na ƙabilar Afizere ta Jos da wani yaronmu ya iya tun yana ƙarami, makaɗan wurin suka tsaya suna kallon ƙafarsa, suka ce a sake, daga nan hira ta buɗe.

Kan ko rawa ta dace da Kirista, ni ba na jayayya a nan. Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ja mata da rawa bayan an haye teku, Fitowa 15, Dauda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, 2 Sama'ila 6, Zabura 149 da 150 sun ce a yabe shi da rawa. Kakata takan ba mu labari cewa a zamaninsu mishan sun hana ganga shiga majami'a don suna ganin ta tsafi ce, yau kuma ki je taron zumuntar mata ko 'yan Sabon Rai ki gani ko akwai wanda zai iya zama a kujera. Amma Bulus da ya ce ya zama kowane abu ga kowa, shi ne kuma ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe ya bar cin nama. Motsin da yake yabo a unguwar Rayfield ta Jos yana iya zama rashin kunya a wani ƙauye, jiki bai da harshe ɗaya.

Inda na ɗan goyi bayanki shi ne maganar kuɗi. Gaskiya kuɗin da muka kashe a mota da abinci da takardu zai riƙe mai bishara ɗaya na EMS, ƙungiyar masu bishara ta ikkilisiyar ECWA, a daji na tsawon lokaci, shi da zai zauna ya koyi yaren mutane ya binne matattu tare da su. EMS tun 1948 take aika 'yan ƙasa, CAPRO ma, wata ƙungiyar bishara ta Najeriya, tun 1975, ba da sati biyu suke aiki ba. Don haka kar yaran su dawo suna ƙirga rayuka nawa suka ceto kamar buhunan dankali. Ni abin da na gani, mu da muka je mu aka fi yi wa aiki. Ɗaya daga cikinmu yanzu aikin bishara take yi ita da mijinta, kuma ta ce a Tamale abin ya fara.

Ki tambayi shugabanninsu wace ikkilisiya ce ta gayyace su a can, da sunan fasto da lambarsa, ki sa fastonki ya kira shi. In amsar ita ce Allah zai buɗe hanya in sun isa, kar ki ba da ko sisi. Ki tambaya akwai babbar mace da za ta kwana tare da 'yan matan. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS dole, biza ba a buƙata tunda Gana tana cikin ECOWAS, kwana 90 ake bayarwa, amma katin allurar shawara, yalo kad ɗin nan, ta yi shi da wuri, kuma ta yi allurar da gaske ba ta sayi kati a hannun 'yan tasha ba. In ta ƙasa za su bi, boda uku ce bayan Legas, Seme, sai tsakanin Benin da Togo, sai Aflao, daga Akra zuwa Tamale kuma kusan kilomita 600, jiki yana gaya wa mutum. Wani abu da ba kowa ya sani ba, a Akra kowace shekara wajen Mayu zuwa Yuni sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikin Homowo, har majami'u dokar tana shafa, to in lokacin za su ratsa kar wani ya ce bari mu ɗan buga ganga a tasha.

Sai zafi. Yaran Jos ba su san rana ba, mu da muke sa rigar sanyi a watan Agusta. Mun je a Afrilu, rana ta biyu wata ta faɗi ana cikin gwaji. Ta tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi da gishirin nan na ORS, su riƙa gwaji da sassafe ko bayan la'asar. Ki saka mata zani kamar uku da ɗankwali ko da ta ce ba ta so, ta koyi gaisuwar safe da ta yamma da Dagbani kafin ta tafi, kuma ta riƙe ɗan abin hannu daga gida, acca ko dankalin Turawa in zai jure hanya, matar faston da ta karɓe mu accar da muka kai mata ta fi yi mata daɗi fiye da duk rawar.

Wane wata ma aka ce za su tashi? Ki faɗa min, in na ga da lokaci zan iya zuwa wurin gwajinsu wata Asabar in kalli abin da suka shirya, ina nan Tudun Wada.