Shuɗin tambarin nan na jikin gwangwanin kifi, me yake nufi ne?

Tambaya: Salam Malam. Ni sana'ar kifin sanyi nake a Kano, taitus da shawa nake sarowa kwali-kwali. Kwanaki na shiga wani babban kanti na ga gwangwanin tuna da wani shuɗin tambari mai hoton kifi an rubuta MSC, kuma ya fi na gefensa tsada. Na dawo shago na duba kwalayena kaf babu mai shi ko ɗaya. Shin nasu ya fi lafiya ne, mu kuma ragowa ake turo mana?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ka kwantar da hankalinka, tambarin nan ba ruwansa da lafiyar kifin da ke hannunka, bai ce ya fi daɗi ba, bai ce bai ruɓe ba, ba kuma irin lambar NAFDAC ba ce. Magana yake yi a kan tekun da aka kamo kifin, wato da'awar cewa an kama daidai gwargwado an bar iri a ruwa wanda zai hayayyafa baɗi.

Asalin abun daga Kanada ya taso. A 1992 gwamnatinsu ta rufe kamun wani kifi da ake kira kod a gaɓar Newfoundland saboda manyan jirage sun kwashe shi har ya kusa ƙarewa, mutane dubbai suka wayi gari ba aikin yi. Wannan ya tsorata manyan 'yan kasuwa sosai, sai a 1997 ƙungiyar kare muhalli ta WWF da kamfanin Unilever, wanda lokacin yana cikin manyan masu sayen kifin sanyi a duniya, suka haɗa kai suka kafa Marine Stewardship Council, ita ce MSC ɗin da ka gani, hedkwatarta na Landan. Abu uku suke dubawa, ko kifin yana da yawa a ruwa, ko ragar ba ta ɓarna da yawa ga sauran halittu, sannan ko akwai hukuma mai sa doka kuma ana bin dokar. Kusan dai hikimar da ta sa ake hana kamun kifi a Matan Fada a Argungu har sai lokacin biki, sai dai wannan da takardu da masu bincike da kuɗi masu yawa. Satifiket ɗin shekara 5 yake yi, duk shekara kuma ana dawowa a duba. Kifin gona shi nasa daban ne, ASC ake ce masa, an kafa shi a 2010.

Toh yanzu maganar taitus ɗinka, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa a tambayar. Wannan kifi daga arewa maso gabashin tekun Atlantika ake kamo shi, su Norway da Birtaniya da Holan da Iceland da tsibiran Faro, kuma da yana da shuɗin tambarin nan fa. MSC ce ta dakatar da shi a watan Maris 2019, a ƙarshen 2020 kuma aka dakatar da na shawar da ake kamawa a yankin Norway da Iceland. Dalili kuwa siyasa ce tsagwaronta. Akwai majalisar masana kimiyyar teku, ICES, da ke faɗin adadin da ya kamata a kama duk shekara, amma tun wajen 2010 da kifin ya riƙa ƙaura zuwa ruwan Iceland ƙasashen nan sun kasa zama su raba kason a tsakaninsu gaba ɗaya, kowa sai ya yanka wa kansa abin da yake ganin haƙƙinsa ne, in ka tara sai ka ga ya zarce shawarar masana, shekara da shekaru ana haka. Kaga kenan taitus ɗin da Bature ke ci a Oslo ma ba shi da tambarin, ba kai kaɗai ba ne, kuma masu wa duniya wa'azin kare teku su ne suka kasa daidaita kansu a kan kifi ɗaya.

Bayan haka ko da kifi ya cancanta ba lallai ka ga tambarin a kwalin da ya zo Legas ba. Sai kowane hannu da kayan ya bi, daga jirgi zuwa masana'anta zuwa dillali, yana da nasa satifiket ɗin da ke nuna ba a gauraya shi da wani kifin ba, sannan mai manna tambarin yana biyan MSC lada da zai kai kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin sari. Wa zai ɗau wannan ɗawainiya saboda kasuwar da ba a tambaya? Manyan kantunan Jamus da Ingila su ne ke cewa in babu tambari ba ma saye, shi ya sa ya zama kamar biza ta shiga kasuwarsu.

Ni dai a ganina tambarin yana da amfani amma kar a ɗauke shi kamar wahayi. Masu kamun ne da kansu ke biyan kamfanin da zai bincike su, ita MSC kuma mafi yawan kuɗin shigarta daga ladan tambarin yake, toh dole mutum ya ɗan ɗaga gira, masu suka sun daɗe suna faɗin haka. Ga tsada, ƙaramin masunci mai kwale-kwale a Senegal ko Ghana ko da ya fi kowa kiyaye ruwa ina zai samo kuɗin bincike da alƙaluman kimiyya na shekaru? A Afirka waɗanda suka yi suna da shi manyan jirage ne, kamar masu kamun kifin hek na Afirka ta Kudu tun 2004 da na Namibiya a 2020. Su kuma kalmomi irin su “mun damu da teku” da kamfani ke rubutawa da kansa a jikin leda ba tare da wani ya bincika ba, wannan talla ce kawai. Matsalar dai gaskiya ce, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2021 kashi 37.7 cikin 100 na rukunan kifin teku da take bibiya ana kama su fiye da ƙima, kuma in taitus ya ragu a can kai ma za ka ji a farashin kwali.

In lafiyar kaya kake nema, gefen kwalin za ka karanta. Duba ranar da aka daskarar da shi da ranar ƙarewa, duba sunan kifin, taitus na asali za ka ga Scomber scombrus, sai lambar yankin teku, FAO 27 na can arewa ne, 34 kuma gaɓar Afirka ta Yamma su Muritaniya da Maroko. Ɗakin sanyi ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. In ka buɗe ka ga kwalin ya jiƙe ya sake bushewa, ko ƙanƙara mai jini-jini ta dunƙule a ƙasan leda, toh ya narke a hanya an sake daskarar da shi, mayar wa dillali abinsa.