Amsa: Dole ne a cire mata mahaifa gaba ɗaya?

Maman Hanifa, kin ce an gano ƙanwarki na da kansar ma'ajiyar ƙwai a mataki na 1, ba ta taɓa haihuwa ba, kina tambaya ko sai an cire mahaifa. Ba dole ba ne. In ciwon bai wuce ɓangare ɗaya ba, kuma gwaji ya nuna ba mai saurin yaɗuwa ba ne, ana iya cire ma'ajiyar da ta kamu da bututunta kaɗai, a bar ɗayar da mahaifa. A wannan mataki, kusan mata 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5.

Sai dai fa "mataki na 1" ba hoto ke tabbatar da shi ba, tiyata ce. Likita zai yanki tantanin kitsen da ke rufe hanji, ya ɗebi ruwan cikin, ya duba kaluluwar da ke bin manyan jijiyoyin jini, duk a kai awo. Haka aka yi wa yayata a nan Legas. Kuma lallai a fito da ƙullin kansar ɗungurungum, don in ya fashe a ciki matakin ya koma 1C, wato mataki na 1 mai ƙarin haɗari, galibi sai an bi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Shi ya sa kar ku bari a yi mata a ƙaramin asibitin unguwa don sauƙin kuɗi. Ku nemi likitan kansar mata a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, ku tafi da sakamakon gwajin jini na CA-125 da duk hotunan da aka ɗauka. Allah Ya ba ta lafiya.