Nomal ko disfilesmen? Ka fara duba bakin bangon

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka ɗora taswirar nomal a bangon tubali a Blender, manhajar zanen 3D, ta gaba ya yi kyau, amma da ka karkata kyamara gefe sai ya koma sumul kamar allo, kana tambaya ko disfilesmen za ka koma. Ba kuskure ka yi ba, iyakar ƙarfin nomal ke nan.

Ita nomal ba ta taɓa jikin abu ko kaɗan. Hoton nan mai ruwan shunayya, ja da kore da shuɗin kowane ɗigo suna gaya wa haske ne inda fuskar wurin ta kalla. Haske ya yarda, ido ya yarda, bakin bango kuwa yana nan miƙe sambal. Disfilesmen hoton tudu da kwari ne, fari ya taso, baƙi ya nutse, kuma da gaske yake tura jikin abin waje.

Bara na sha wannan darasin. Wani mai gidan abinci ya ba ni aikin fuskar gini irin ta tsohon garin Zariya, da dagi da sauran zanen da magina ke tayarwa da hannu a jikin bango. Na yi shi da nomal, na ga ya yi. Sai ya ce yana son hasken la'asar, rana ta karkata. Nan asiri ya tonu: dagin bai jefa inuwa a bango ba, kusurwar ginin kamar an yanke ta da reza. Mutumin ya ƙura wa wayata ido ya ce, "Wannan ai fenti ne, ba zane ba." Gaskiyarsa.

Na koma disfilesmen, sau uku yana ba ni kunya. Da farko ko gezau bangon bai yi ba, domin foligon (gutsuren fuska da ake haɗa jikin abu da su) ɗaya ne tal, babu abin turawa sai an daddatsa shi. Kuma a Cycles, injin Blender mai fitar da hoton ƙarshe, wato renda, sai ka shiga saitin kayan bangon ka ɗauke disfilesmen daga zaɓin Bump Only, in ba haka ba yaudarar haske ce dai zai ci gaba da yi maka. Da na daddatsa, na wuce gona da iri, kwamfutata mai RAM GB 8 ta sandare, fanka na kuka. Na uku shi ya fi ba ni haushi: gefen zanen ya fito hawa-hawa kamar matattakala. Hoton da na sa JPEG ne mai bit 8, matakin tsawo 256 kacal yake ɗauka. Da na sake fitar da shi PNG mai bit 16 sai ya kwanta lumui. Hoton EXR mai bit 32 ya fi, in kana da shi.

A ƙarshe haɗa su na yi. Disfilesmen a bangon gaba kawai, inda zanen ya taso kuma kyamara ke kusa. Tsagewar makuba da sawun tafin magini da kaushin ƙasa duk nomal na bar wa, renda ba ta ƙara nauyi ba. Zankwayen saman ginin kuwa da hannu na gina su, babu taswirar da za ta yi maka wannan.

Idan wasan kwamfuta kake yi, ka tsaya a nomal, arharta ce ta sa ake son ta a can. Sai dai ka kula da koren da ke cikin hoton nomal, tsari biyu ne na karanta shi: Blender da manhajar ƙera wasa ta Unity tsarin OpenGL suke bi, takwararta Unreal kuwa DirectX, in ka cakuɗa su tudu zai zama rami. Kada kuma ka manta ka sa saitin Non-Color a kan hotunan biyu, na nomal da na disfilesmen, don Blender ya san ba launi ba ne.

Turo mana hoton bangon daga gefe da adadin foligon ɗinka, mu gani ko tubalin naka ya kai a tura shi waje.